Kanwar da Na Aika wa Edith

Makera, Kaduna

Zuwa ga 'yata Edith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyin Turai, ya aiki? Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, ƙananan sun daina ganuwa gare ni.

Kirsimeti ya wuce, kujerarki babu kowa. Bayanin da kika yi mini a waya na riƙe shi, kada ki ɗauka don ban shiga aji ba ban gane ba. Kin ce kina renon wasu 'yan duwatsun furotin da ba su kai ƙwayar gishiri ba, kina so ki jiƙa su a magani don ki ga inda maganin ke kamawa. Maganin ya ƙi narkewa a ruwa. In kin narkar da shi a wani ruwa mai ƙarfi, duwatsun su tsage. To saboda wannan ne ubanki ya ci shinkafa shi kaɗai.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, a yi aiki da wuri. Na ce sai kin zo. Yayarki Vicky ta yi ta faɗa. Ita ce ta sa hannu aka shiga da mamarku ɗakin tiyata, mamarku ba ta fito da rai ba. Ba zan bari ta sa mini hannu ba.

Na ba wani ɗan cocinmu kanwa ya kawo miki. Ban taɓa ganin abin da ya gagare ta ba. Ki zuba kaɗan, ki gama, ki taho.

Babanki,
Audu Tagwai

'Yata Edith,

Ina fata kina lafiya. Ni dai ga ni nan.

Vicky ta ce kun yi dariya a waya, wai kanwata a wake kika zuba. Ba komai. Masaƙar Kakuri ma da na ba ta ƙuruciyata, ta rufe ƙofa ba sallama.

Na ji duwatsun sun daina tsagewa tun da kika koma ɗiga musu ruwan kaɗan-kaɗan kina barinsu su huta. Na ji kuma sai kin jira layin babban injin da zai haska su, sai bayan Ista. Ban yi murna ba, ban kuma yi fushi ba. Na gaji ne kawai.

Ranar Talata na yi karo da keke Napep a Sabon Tasha, ta hagu ya zo, ban gan shi ba. Likita ya ce idon hagun ya tafi, ba ya dawowa. Bai ce laifina ne ba, Vicky ce ta faɗa.

Na bar ta ta sa hannu. Jibi za a yi wa na daman aiki.

Kada ki bar layinki. Amma ki aiko da hoton dutsen nan, a wanke shi babba. Ina so in ga abin da ya riƙe ki. Ki tsaya kusa da shi a hoton.

Allah ya tsare ki.

Babanki,
Audu Tagwai