Mari Ba Ya Dawo da Numfashi

Alhamis da dare, Gumel

Har yanzu raina a ɓace yake, ko tuwo ban iya ci ba.

Yau muka yi wa wani direban babbar mota daga Maigatari aikin hanji. Na yi masa allurar sakin jiki, mai tsayar da numfashi sai an riƙa hura wa mutum iska da jakar roba. Aka kira ni ɗakin haihuwa, na bar wa Sabo abokin aikina jakar. Da na dawo, na tarar hannunsa ɗaya na matsa ta jefi-jefi, ɗayan na riƙe da waya, yana kallon ragunan da ƙaninsa ya turo masa daga kasuwa.

Aka gama ɗinki, na yi masa allurar warware ta sakin jikin, bawan Allah ko yatsa bai ɗaga ba. Ina zai ɗaga? Saboda ƙarancin hurawa, gurɓatacciyar iska ta taru a jikinsa, jini ya yi tsami. In jini ya yi tsami kuwa, maganin sakin jikin daɗewa yake yi, allurar warwarewar ma ba ta cin sa sosai.

Sai Sabo ya hau marinsa: "Tashi, malam, ragwanci ne kawai!"

Na ce, "Cire hannunka." Na karɓi jakar na yi ta hurawa har kafaɗata ta ƙage, sannan ƙirjinsa ya fara motsi da kansa.

Da yamma mahaifiyar direban ta zo da ƙwan zabi a ƙwarya, tana neman wanda ya farfaɗo mata da ɗa. Sabo ya sa hannu biyu ya karɓa. Hannu biyu! Ashe yana da su.