Kamfanin Sun Kira, Ni Na Ɗauka

Auta,

Na tafi karɓo maganin hawan jini, sai yamma.

Fitarki ke da wuya kamfanin da kika nemi horon sanin makamar aiki suka kira. Lambata kika rubuta musu, don haka ni na ɗauka. Wata mai maƙale murya ta ce ɗaliba suke so mai ƙwarewar shekara biyu. Na tambaye ta ko yanzu tun daga zanin goyo ake fara aiki. Ta ce za ki koyi abubuwa da yawa. Na ce lallai, dafa wa manaja shayi ilimi ne mai zurfi. Na kuma gyara mata kuskure uku a sanarwarsu. Ba ta gode ba.

Duk da haka ta ce ki je gobe ƙarfe tara da takardar makaranta. Na san in ba sa hannunsu ba za ki kammala bana ba. In sun tambaya, ki ce maƙwabci ne ya ɗauka.

Ki yi haƙuri. Da can mahaifiyarki ce ke ƙwace wayar kafin in kai jimla ta biyu.

Babanki