Itacen Wankan Rukayat

Limawa, Minna
Ranar Litinin

Rukayat,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da jaririya da mijin naki. Gaisuwar ke nan, don ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba.

Na kashe wayata na jefa ta cikin kwalla, kada ki wahalar da kanki da kira. Na san ki, za ki yi min muryar kukan nan taki zuciyata ta yi sanyi, ni kuwa ban shirya hucewa ba. Theresa maƙwabciyarmu, mai aikin tausa a wurin da kika ɓuya, ita za ta miƙa miki wannan takarda.

Tun cikinki yana wata bakwai nake shiri. Itace mota guda na sa aka kawo min daga Kagara. Na sa an shafe ɗakin yayarki marigayiya, na sayi sabuwar tukunya, kanwa ma da hannuna na zaɓa. Kowa ya san haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta, kwana arba'in. An yi suna ranar Alhamis a gidanku na Tudun Fulani, Juma'a da asuba na hura wuta ina jiran mota. Ruwa ya tafasa ya ƙone, na ƙara, ya sake ƙonewa. Sai da la'asar mijinki Zikrullahi ya turo min saƙo, wai ya kai ki otal ɗin bakin dam ki huta. Ki huta! Dutse kika fasa?

Na tsare Theresa na ce ta faɗa min abin da ke wurin. Ta ce, "Mama, kar ka damu, Rukayat yana lafiya, yana kallon ruwa." Kallon ruwa! Ni da aka haifa a bakin kogin Neja, na yi wanki a ciki, na yi wanka a ciki har fatata ta yi fari, yau 'yata ce ta gudu daga gidana don ta zauna ta kalli ruwa ta taga. Ta ce akwai lilon yara da jirgin yawo, ana kuma shafa wa mata mai ana danna musu baya. Shekara talatin ina yi wa 'ya'yan mutane wankan jego a unguwar nan, tawa 'yar kuma sai baƙi ne za su taɓa mata jiki?

Matan unguwa suna shigowa barka, suna ganin itace jibge har kan katanga, suna tambaya ina mai jego. Me zan ce musu? Ki tattara ki taho gobe.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki, Kafayatu

*

Masaukin bakin dam
Ranar Talata

Nna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma roƙon ki yi haƙuri. Jaririya lafiya lau, tana shan nono sosai.

Ban gudu ba, Nna. Kuma don Allah ki daina zagin Zikrullahi a gaban Theresa, ni na ce ya kawo ni. Idan akwai laifi, nawa ne.

Wurin nan ba yadda kike zato ba ne. Iyalai ne ke zuwa da 'ya'yansu, duk yini ihun yara ake ji daga wajen wankansu. Ɗakina yana fuskantar ruwa, da safe ina ganin masunta suna jan koma a ɗaya tsallaken. Akwai ɓangaren mata zalla, namiji ba ya taka wurin. Theresa ce da kanta take yi min tausa, kuma kin san hannunta, ita ta gyara miki kafaɗa bara. Ruwan wankana mai ɗumi ne, sai ta tsoma gwiwar hannu ta ji kafin in shiga. Akwai nas da ke auna jinina safe da yamma. Kifi kuwa har ya ishe ni, kodayake mai dafa shi bai san daddawa ba.

Abin da ya ɓata min rai a takardarki shi ne, daga farko har ƙarshe ba ki tambaye ni yadda jikina yake ba. Itace kika lissafa, da tukunya, da matan unguwa. Ni ce na haihu ko su? Shekarata ashirin da tara, ina da aikina, amma har yanzu a gidanki ba ni da bakin cewa ba na son abu. Da na zo, kin san ba zan iya ture kwanon kunun kanwa in kin miƙo min ba. Shi ya sa ban zo ba.

Zan zo bayan arba'in in yi miki sati biyu, ki goya jaririyar, takwarar marigayiya Yaya Aishat, har ki gaji. Amma wankan nan ba zan yi ba. Kada ki tambaye ni dalili.

Ki gaida mutanen gida.
'Yarki, Rukayat

*

Limawa
Ranar Alhamis

Rukayat,

Salamu alaikum. Na karanta, na kuma sake karantawa ko idona ne.

Kada in tambaye ki dalili? To wa zan tambaya, masuntan? Ruwan da ake tsoma gwiwar hannu a ciki ba wankan jego ba ne, wankan jariri ne. Sanyi zai shige ki ya zauna, nan da shekara goma ki zo kina min kukan baya. Kuma nas ɗin da ke ɗaure miki hannu safe da yamma, 'ya'ya nawa ta haifa?

Kin ce ban tambayi jikinki ba. Wanda ya yi wata biyu yana tara miki itace, jikin wa yake tunani?

Yayarki ba ta taɓa kunyata ni haka ba. Ta zo da ƙafarta, ta yi wankanta safe da yamma, ko uhum ba ta ce ba, kunu kuwa har ƙari take nema don ta faranta min. Da sanyin nan bai riga ya shige ta tun a asibitin haihuwa ba, da yanzu tana nan tana tsawata miki. Kwana ashirin da shida na yi ina korar sanyin nan daga jikinta, Allah bai nufa ba. Ke kuma kin sa wa 'yarki sunanta, sannan kin hana ta ɗakinta.

Itacen dai ba zai yi asara ba. Ramatu, matar Ndanusa mai keken haya, ta haihu sati biyu da suka wuce, uwarta tana can ƙauye ba lafiya. Na ɗauko ta na sa ta a ɗakin da kika raina. Yarinya mai ladabi, har durƙusawa take in ta karɓi kwano. Sanyi ya kama ta sosai, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, ga tari, in ta kwanta sai ta tashi zaune tana haki. Na ƙara wa ruwan wuta, na ƙara kanwa a kunun, cikin sati za ki ji labari.

Ki zauna ki ci kifinki. Bayan arba'in ba sai kin zo ba, ba ni da abin da zan yi da ke a lokacin.

Kafayatu

*

Masaukin bakin dam
Alhamis, bayan azahar

Nna,

Ina gaishe ki. Na roƙi Theresa ta bar aikinta ta hau keke ta kawo miki wannan yanzu. Ki karanta a tsaye.

Ki kashe wutar nan. Kada Ramatu ta ƙara shan kunun kanwa ko cokali ɗaya. Ki kira Ndanusa ya kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Ki gaya wa likita ƙafa ta kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya. Wannan ba sanyi ba ne, Nna, zuciya ce.

Kin ce in ba ki dalili, to ga shi, kuma ke kika tilasta ni. Ranar da muka kai Yaya Aishat asibiti, kina waje kina salla, likita ya ja ni gefe don ni ce mai jin Turanci. Ya tambaye ni me take ci, yaya take wanka. Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya ce haihuwar ta riga ta raunana mata zuciya, kanwa ta tara mata ruwa a jiki, zafin wankan kuma ya ƙara wa zuciyar kaya. Ya ce da an kawo ta ranar da ƙafarta ta fara kumbura, da wataƙila an yi wani abu. Kin tuna abin da kika yi ranar da ƙafarta ta kumbura? Abin da kika rubuto min yau.

Yaya ta ji maganar, gadonta yana kusa da ƙofa. Ta kama min hannu ta ce, "Ki bar Nna ta ce sanyi ne. In ta sani, ba za ta rayu ba." Na yi mata alkawari. Shekara shida ina jin kina ba mutane labarin sanyin da ya kashe ta, ina haɗiye abin da ke bakina. Kin san yadda nake ji in kin ce har ƙari take nema? Amai take yi a bayan ɗaki, ni nake zuba ƙasa a kai don kada ki gani.

Ni ma jinina ya hau tun ina wata takwas. Likitata ta hana ni kanwa da ruwan zafi. Na rasa yadda zan zauna a gidanki in ƙi, ba tare da na karya alkawarin Yaya ba. Shi ya sa na zo nan na zauna ina kallon ruwa kamar marar uwa. Kina zaton daɗi nake ji? Jiya wata tsohuwa ta zo da jikokinta, na ga ta goya ƙaramin a bakin ruwa, na shige banɗaki na yi kuka har Theresa ta buga ƙofa.

Ina fushi da ke, Nna, ina fushi da Yaya da ta ɗora min wannan, ina fushi da kaina. Amma ki bar fushin nan sai anjima. Ki kai Ramatu.

Ki yafe min.
Rukayat

*

Limawa
Ranar Asabar

Rukayat,

Salamu alaikum.

An ba Ramatu gado a asibiti. Likita ya ce mun zo a kan lokaci. Ya tambayi wa ke yi mata wanka, na ce ni ce, ban ɓoye ba.

Na zuba wa murhun ruwa. Itacen na ce mai waina ta kwashe. Kanwar tana nan, na kasa taɓa ta.

Kada ki ɗauka na huce. Shekara shida, Rukayat. Jiya na zauna na ƙirga 'ya'yan mutane da na yi wa wanka tun bayan Aishat, su goma sha huɗu ne, kina kallona ina hura musu wuta. Kun ji tausayina, ke da ita, su kuma wa ya ji tausayinsu? Ni ba ƙwai ba ce. Da kin faɗa min, da na yi kukana na tashi. Wannan ban yafe ba tukuna, kuma ban san ranar ba.

Theresa ta ce ana barin tsofaffi su shiga, kuma akwai gado na biyu a ɗakinki. Ki gaya wa masu gadi sunana, kada wani ya tsaya yi min tambayoyi a ƙofa. Zan taho gobe bayan na duba Ramatu. Zan zo da daddawa da zanen goyo.

Ruwan wankanki kuwa, Theresa ta ci gaba da haɗawa. Ni jaririyar zan riƙe.

Nnarki