Fuskar Inna a Ɗakin Duhu

Assalamu alaikum, Yaya Nu'man. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya a Libreville, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan unguwar Birketiri lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. Ƙafar Goggo Hadija ta yi sauƙi, har ta fara fita barka da suna.

Maganar hoton Inna da ka ce in wanke domin 'yarka Ilham ta ga fuskar kakarta, na shiga aikin. Ka san marigayiya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Negatif ɗaya tal, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, Baba ya sata tana zaune a inuwar ƙofar gida, shi ma bai taɓa wanke shi ba don gudun faɗanta. Ka ce in kai wa masu kwamfuta a Messa. Yaya, ba zan kai ba. Gefensa ya fara ɓarewa, kuma ba zan miƙa fuskar uwata ga wanda zai riƙe ta da hannun da ya gama cin suya ba.

Na buɗe ɗakin duhun Baba na share injin wanke hoto, sai na tarar ƙwan fitilarsa ya mutu. Na sayo sabo a kasuwar Mokolo, irin na zamani mai haske kamar rana, ashe wahala na sayo. Ka tuna Baba ba ya aiki da agogo, da tasbihi yake auna haske, Subhanallahi goma sha biyu sai ya kashe fitilar. To negatif ɗin nan fayau yake saboda inuwa, ga ƙwai mai ƙarfi. Ban kai ƙarshen tasbihi na biyu ba takarda ta sha haske ta ƙoshi, da na tsoma ta a magani sai ta fito baƙi ƙirin. Takardar Baba shida ta rage, kuma na zaga har Tsinga babu mai sayar da ita yanzu. Uku na ƙona a rana ɗaya. Wallahi na zauna a ƙasa na yi kuka.

Washegari na matse idon injin har ƙarshe, na ɗaga kansa sama don hasken ya bazu. Na samu tasbihi huɗu, amma fuskar tana ƙarƙashin gyale, ta fi ko'ina saurin baƙi, lokacin bai isa in kare ta daga hasken da hannu ba. Takarda ta huɗu ma ta tafi. Jaratu tela, maƙwabciyarmu, da ta ji labari sai ta yi mini dariya, ta ce ita in fitila ta dame ta yadi take rufa mata. Ta ba ni farin yadin nan mai kauri da suke sa wa wuyan riga. Na ninka shi uku na shimfiɗa tsakanin ƙwai da negatif. Na gwada da ƙananan yanka daga gefen ta biyar, sai ga tasbihi goma sha biyar cif. Na ɗaura auduga a bakin siririyar wayar ƙarfe ina kaɗa ta bisa fuskar don tare mata haske har tasbihi bakwai, sannan na janye.

Ta fito, Yaya. Kuma ba satar hoto Baba ya yi ba: idonta na kan kyamara, tana danne dariya da bakin gyale. Ta sani sarai.

Takarda ɗaya ta rage, taka ce, ranar Juma'a zan wanke in Allah ya yarda. Amma ba zan ba direba ya kawo maka ba, ba kuma zan ɗauka a waya in tura maka ba, kada ma ka roƙe ni. Shekara tara ba ka taka gida ba, jana'izarta ma ba ka samu ba. Ka ɗauko Ilham ku zo ku gan ta a gidanta.

Ka gaishe mini da matarka Zara, ka shafa kan Ilham. Goggo Hadija da Jaratu suna gaishe ku.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Nuriyya