Raƙumin Dawa a Tafin Hannuna

Zuwa ga Ousseini, inuwar kukata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, tauraron da nake nema ko da gajimaren teku ya rufe Kwatano!

Sallama mai yawa. 

Ka tuna yammacin da muka raka Yaya Latifatou bakin teku, ka durƙusa ka zana mini raƙumin dawa a kan yashi? Ka ce haka yake a jikin wani dutse can arewacin Agadas, inda kake kai nasara masu yawon buɗe ido da mota, mutanen zamanin da ne suka sassaƙa shi, ya fi mutum biyu tsawo, har da igiya a bakinsa. Kafin ka gama wuyan, igiyar ruwa ta zo ta lashe shi. Ni da ban iya haɗa ido da kai, sai ga bakina yana cewa a littattafan da nake ɓoyewa cikin jakar da nake zuwa lakwal karatu da ita, masoya kan rubuta suna inda ba ya gogewa. Ka yi dariya, ka rantse sai ka sassaƙa sunana Zakiyya a gefen raƙumin dutsen nan.

Wayyo, ina ma teku ta tafi da maganar tare da zanen!

Duk Zongo zancen zaɓe ake yi. Baba ya manne kunne da rediyo don ƙuri'a, ni kuwa daga bayan labule nake tsinto wani labari: hanyar arewa ta ɓaci, ana tare motoci, masu bindiga sun hau duwatsu. Direbobin manyan motocin kamyo sun ce nasaranka sun fasa, suna shirin komawa Yamai, amma kai ka ce sai ka je, ko kai kaɗai, wai kana da alkawari. Ousseini, alkawarin wa? Ni na karɓa, ni kuma na yafe!

Me zan yi da sunana a dutse in babu bakin da zai kira shi? Wanda ya sassaƙa raƙumin ma bai bar nasa ba. Wataƙila wata ce ke jiransa a gida, ya ajiye guduma ya koma.

Jiya na zana raƙumin da lalle a tafin hannuna. Yaya Latifatou ta ce akuya ce mai ciwon wuya. Sai na dunƙule hannu. Lalle ba dutse ba ne, hasken idona, kullum na yi alwala sai ya ƙara dusashewa. Don Allah, don darajar mahaifiyarka, juyo da motar kudu. Ka zo ka gan shi tun wuyansa bai ɓace ba.

Taka, yau da gobe, ko da suna a dutse ko babu,
Zakiyya