Takardar Shaidar da Ka Buga Mini

Ƙofar Kibo, Birnin Zazzau

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Iliyasu Akawu,

Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya haskaka kabarinka. Na san wannan wasiƙa ba za ta riske ka ba, amma da hannuna na rubuta ta, domin bana na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma ni na zo na ɗaya.

Inna tana fama da ƙafa. Katangar zaure ta faɗi da damina, na tayar da ita.

Bayan haka, ka tuna takardar shaidar da ka buga mini da Turanci sa'ad da nake neman aikin masinja? Shekara goma sha bakwai na yi ina yawo da ita cikin leda, daga ofisoshin Tudun Wada har Sabon Gari. Kowane akawu ya karanta sai ya dube ni, ya ce za a neme ni. Ni kuwa in fito ina sa maka albarka.

Makon jiya na kai wa malaminmu ita don alfahari. Ya karanta, sannan ya buɗe ƙamus. Ya ce "reliable" asalinta daga ɗaurewa ne, wato mutumin da za a ɗaura wa amana ya riƙe, kuma ka rubuta cewa ni ba haka nake ba. Ya ce "character", wato halin mutum, asalinta hatimi ne da ake bugawa ya zauna a jikin abu. Nawa, ka ce mai rauni ne.

Yau na amsa abin da ban taɓa amsawa a gabanka ba. Kekenka da na ce maka ƙwace shi aka yi a hannuna, ba haka ba ne. Ni na jingine shi bakin kasuwa babu kulle, na tafi kallon dambe, aka sace. Ashe ka sani. To me ya hana ka faɗa mini da Hausa a zaure? Keke ɗaya ne kuɗin sunana? Ka ba ni hukuncina na ɗauka da hannuna ina kai wa baƙi, ina murmushi?

Jiya ɗanka Sani ya zo, zai nemi aikin direba, yana son shaidar dattijo. Na san yana makara, na san yana da zafin rai. Na zaunar da shi na faɗa masa ido da ido. Sannan na rubuta alherinsa da Hausa, na karanta masa kafin na naɗe.

Ban yafe ba tukuna, Yaya. Ina roƙon Allah Ya ba ni iko kafin na iske ka.

Na bar ka lafiya.

Ƙanenka,
Malam Hamisu, mai rubutu da hannunsa