Shekara Tara Kina Zuwa Umluj

Zuwa ga Safiya, Ummu Amal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka bari a gida, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Na sani sarai wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da ma za ta same ki, rubutuna ne, wanda kike cewa sai an yi alwala kafin a iya karanta shi. Amma shekara talatin da ɗaya duk abin da ya ɗaure mini kai ke nake kawo wa. Yanzu ke ce kika ɗaure mini kan, to wurin wa zan je?

Ga abin da ya zaunar da ni. Aminiyarki Hajiya Indo tana jiran amsa daga gare ni, tana so in faɗa mata ko na yafe miki. Ni a zatona an gama wannan magana tun ranar jana'izarki, wata biyar da suka wuce. A bakin ƙofa ta tare ni kafin a fita da ke, ta tambaye ni kamar yadda iyayenmu suke yi, na ce na yafe miki duniya da lahira, har sau uku. Yanzu ta ce waccan yafiyar ta mutumin da bai san komai ba ce, sai na sake wata. Yau kwana shida da dawowarmu daga tafiya, ban kira ta ba.

Kafin nan bari in ba ki labarin gida. Amal tana lafiya, 'yarta ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ta gwada su a kafaɗarsa. Mukayyif ɗin falo, na'urar sanyaya ɗakin nan da kika yi shekara biyu kina yi mini mita a kansa, wai na gyara wa duk unguwar Sharafiyya ta nan Jidda nasu amma gidana kamar tanda, na gyara shi. Bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Na kunna na zauna ni kaɗai, sanyi ya dame ni, na tashi na kashe. Mutanen bene na biyu sun koma unguwar Safa, waɗanda suka shigo ba sa amsa sallama da kyau. Shinkafa har yanzu kamawa take yi mini.

Makonni uku da suka wuce Hajiya Indo ta zo da maigidanta Malam Bala. Ta ce matan halƙar karatunku za su tafi ziyarar Madina ta shekara, wadda ba ki taɓa fashi ba, kuma bana da mazaje za a je, kujerarki tana nan. Na ce ina da aiki. Amal ce ta haɗa mini jaka ba tare da ta tambaye ni ba, ta kawo ni bakin bas da motar mijinta. A lokacin na ɗauka so take in sha iska.

Kwana biyu muka yi a Madina, lafiya lau, na yi miki addu'a gwargwadon iyawata. Rana ta uku bayan asuba muka shiga bas, na jingina kai na yi barci da niyyar in farka a Jidda. Da na buɗe ido sai na ga bahar a hannun hagu. Ni ba ɗan boko ba ne, amma na san wanda ya nufo Jidda daga can, bahar a damansa yake. Na duba mutanen bas ɗin in ga ko wani zai yi wa direba magana. Babu wanda ya damu. Mata suna ta fito da malafuna daga jaka, ana miƙa shayi da dabino daga kujera zuwa kujera. Na taɓa Malam Bala, ya ce mini Umluj za mu, wani gari a bakin bahar, ya kawar da kai ya shiga kallon raƙuman da ke bakin hanya kamar bai taɓa ganin raƙumi ba.

A istirahar da muka sauka, wato masaukin baƙi, dattijon da ke kula da wurin ya bi matan nan da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta. Sannan ya leƙa cikin bas yana tambayar ina Ummu Amal. Da aka faɗa masa, ya daɗe yana salati. Ni kuwa ina tsaye da jaka a hannu ina cewa a raina, ashe akwai wata Ummu Amal a tafiyar nan, ita ma Allah Ya yi mata rasuwa. Wallahi haka na yi tunani, Safiya. Sai da ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyya, ya ba ni makullin ɗakin da ya ce shi kike so saboda tagarsa tana kallon ruwa, ya ce shekara tara kina sauka a cikinsa.

Shekara tara? Ke? Matar da nake gaya wa mutane ba ta son bahar?

Washegari da safe aka ce za a shiga jirgin ruwa. Kin san ni, a Jidda aka haife ni amma in aiki ya kai ni wajen Kornish, titin nan na bakin bahar, sai in zagaya ta cikin gari. Kunya ce kawai ta shigar da ni jirgin nan. Tsofaffin mata masu ciwon gwiwa suna ta hayewa a gabana suna cewa yalla, mu je, ni da gemuna zan tsaya a tudu? Aka ɗaura mini rigar nan mai hana nitsewa, na zauna a tsakiya na riƙe benci da hannu biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, wurin yana da kyau. Ban san ruwa yana yin irin wannan launin ba, kana ganin yashin ƙasa da inuwar jirgin a kansa, ƙananan kifaye masu rawaya da shuɗi suna ta watsewa. Ga tsibirai farare fat, babu kowa a kai sai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye cikin ruwa. Wani ƙaton kunkurun teku ya ɗago kai dab da ni, ya yi ajiyar zuciya irin ta tsoho, ya koma. Duk ina kallo, amma abin da ke yawo a kaina shi ne, a wace kujera kike zama?

Da muka yi nisa mai jirgin ya rage gudu. Sai matan nan suka sunkuya suka shiga buga gefen jirgin da tafin hannu, a tare, kamar masu kiɗan ƙwarya. Ba a jima ba sai ga kifayen nan da masu jirgi ke kira abu-salama, manya-manya masu santsin baya, wajen shida ko bakwai, suna tsalle suna tsere da mu, har da ƙarami yana manne da uwarsa. Na juya in ga murnar matan, sai na ga kuka suke yi, hannuwansu kuma ba su daina bugu ba. Malam Bala ya ce mini ke kika fara wannan bugun, wai kin ce baƙo ba ya shiga gidan mutane babu sallama. Wannan kam maganarki ce, na gane ta.

A kan wani tsibiri aka kafa rumfa aka sauke abinci. Nan Hajiya Indo ta zaunar da ni, maigidanta yana gefe. Ta ce kwana biyu kafin rasuwarki, a asibiti, kin riƙe hannunta kin ba ta amana. Kin ce shekara tara kina zuwa inda mijinki ya hana ki, kina tsoron haɗuwa da Allah da wannan a wuyanki, kuma bakinki ya kasa faɗa mini. Kin roƙe ta kada ta gaya mini a falo. Ta kawo ni nan in gani da idona tukuna, sannan ta tambaye ni.

Daga nan ta miƙo mini wayarta. Ke ce a ciki, ruwa ya kai miki ƙugu, abayarki ta baje a kan ruwa, wani kunkuru yana wucewa ta gabanki kina nuna shi da hannu kina dariya. Na kalla sau uku. Na mayar mata da wayar na ce ta ba ni lokaci.

Safiya, yaushe na hana ki? Wannan ce tambayar da na yi ta juyawa tun daga tsibirin har muka wuce Yanbu a hanyar dawowa. Na rantse miki da farko ban tuna ba. Sai can ta faɗo mini. Ƙaramar sallar farko bayan aurenmu, muna ɗaki ɗaya a gidan Baba. Kin ci ado, kin ce in kai ki Kornish kamar yadda kowa yake kai amaryarsa. Na ajiye kofin shayi na ce muddin ina raye matata ba za ta taka bakin bahar ba. Sau ɗaya na faɗa. Kafin babbar salla na manta na yi maganar. Ke kuma ba ki ƙara tambaya ba, ni kuma da na ga ba kya tambaya sai na ɗauka ba ki damu da shi ba. Ashe magana ɗaya da na yar a ƙasa kika tsince ta kika riƙe shekara talatin.

Kin san saboda ƙanena Sani ne, wanda ruwa ya ci a bakin bahar na Abhur shekara guda kafin aurenmu. Abin da ba ki sani ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ban shiga na cece shi ba. Na gaya wa Baba da Inna na bi shi igiyar ruwa ta fi ƙarfina, ke ma haka na gaya miki. Ƙarya ce. Ruwan iyakarsa gwiwata. A nan na tsaya da takalman Sani a hannu ina ihu, har wasu masunta suka fito da shi. Saboda haka ba tsaron lafiyarki nake yi ba ranar nan. Ba na son a kai ni inda zan tuna inda ƙafata ta tsaya, shi ke nan.

A bas na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Mutum talatin sun san abin da ni ban sani ba a kan matata. Amal ma ta sani, sau biyu kin je da ita. Amma duk lokacin da fushin ya taso sai in tuna wani abu in ji kunya ta kama ni. Kina dawowa fuskarki ta yi duhu, ki ce ranar Madina ce. Kwalbar nan ta kicin mai cike da bawon katantanwa, kika ce tsaraba aka ba ki. Kuma kowace shekara sai kin kawo mini busasshen kifi. Kifi daga Madina, Safiya. Ina ci ina sa albarka, ban taɓa tambayar kaina a wane kogin Madina ake kama shi ba. Anya ɓoyewa kike yi kuwa? Ko kuwa ajiye mini kike yi a gabana kina jiran in tambaya?

Ka ga inda kaina yake kullewa ke nan. Au, kin ga nake nufi, na saba magana da maza a shago. Ƙarya kika yi mini? Kin ce za ki Madina, kuma kin je. Tsorona kike ji? Ni da ko murya ban cika ɗaga miki ba, ko dai haka nake gani? Hajiya Indo ta ce a asibitin kin ce bahar ciwo ne a jikina, ba ki son ki fama mini. To me kika sani? Ko ina magana cikin barci ne? In tausayina kike ji, me ya sa kika mutu kina ganin kin yi laifi? In kuma laifi ne, me ya sa duk na duba ban ga inda aka cuce ni ba?

Na tambayi limamin masallacinmu a kaikaice, kamar maganar wani ce. Ya ce haƙƙin miji ne, in ya yafe ya wuce. Amsar ta yi mini sauƙi da yawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai dariyar nan ce ta cikin wayar. Mun yi dariya a gidan nan, ba na musu, amma waccan ban taɓa jin ta ba. Kai a sama, baki buɗe, babu sa hannu a rufe. Shekara talatin da ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya, sai a wayar wata na fara jin ta. Kwana biyu a shekara kike samu ki yi ta, kuma bahar ɗin nan da mota ba ya kai rabin sa'a daga ƙofarmu ta unguwar Madain Fahd.

Bayan la'asar zan kira Hajiya Indo, don na san ita ma amanar ta yi mata nauyi. Amma ke ya kamata ki fara ji. Na yafe miki, Safiya. Na ga wurin, na ga jirgin, na ga ɗakin, na san abin da nake yafewa, na yafe duniya da lahira. Ki kwanta da sauƙin zuciya.

Sai dai ni an tsayar da ni an tambaye ni har sau biyu, na kuma amsa. Sallar da kika ci ado kika koma kika cire, da shekaru ashirin da biyu da kika yi kina jin ƙamshin bahar daga taga kafin ki fara zuwa, su fa? Babu wanda ya tambaye ki ko kin yafe mini. Da kina raye ban san akwai abin tambaya ba, yanzu da na sani babu wanda zan aika.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Sai na zo in tambaye ki da bakina.

Mijinki da bai iya tambaya ba,
Abdulƙadir, Abu Amal